DOKIN ƘOFAR DA YA KUSA RABA AUREN SHEKARA 52

'Yan uwa masu bibiyar wannan shafi, yau ba darasin da muka saba zan kawo ba. Wata mas'ala ce da na yi kuskure a cikinta da bakina, wani tsoho da bai taɓa shiga ajin jami'a ba ya gyara mini. Na nemi izinin iyalan kafin in rubuta, suka yarda bisa sharaɗin ba zan ambaci suna ko unguwa ba. Don haka zan kira su Baba da Inna kawai.

A ƙarshen daminar 2023, ana tsakiyar karyar masara, wani bawan Allah ya tsaya jirana bayan sallar Asuba. Babban ɗan Baba ne, ɗan kasuwa, mazaunin Kaduna. Baba manomi ne a nan ƙasar Kafur, ya haura shekara 75. Hawan jini ya kayar da shi a gona, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. An kai shi asibiti a Zariya ya yi makonni, cikin ikon Allah bakinsa ya dawo, amma ƙafa da hannu ba su dawo daidai ba, aka sallamo shi da keken guragu. Inna kuma dama yana ta rufe mata ido ɗaya, ɗayan ma dishi-dishi take gani da shi.

Ya ce mini: "Malam, mun yi shawara da ƙannena. Ni zan tafi da Baba Kaduna, akwai ɗaki a gidana, ga asibiti kusa. Inna kuma ƙanwarmu da ke aure a Funtuwa za ta ɗauke ta, don iyalina ba za ta iya da jinya biyu ba. To amma Baba ya kafe, ya ce ba inda za shi. Don Allah ka je ka yi mashi nasiha, yana jin maganarka."

Wallahi ban tambaye shi komai ba. Na ji daɗin maganar ne kawai, a wannan zamani da wasu ke guje wa iyayensu ga ɗa yana roƙon a ba shi mahaifinsa. Nan take na sa masa albarka, na tuna masa aya ta 23 a Suratul Isra'i da ta yi maganar iyaye idan tsufa ya riske su suna wurinka, na ce ai ka ga, wurinka aka ce, don haka gaskiya tana tare da kai. Na yi alkawarin zuwa bayan La'asar.

Da na je, na tarar da Baba kwance a kan katifa a ƙasa, ɗakin da duhu. Keken da aka saya da tsada yana jingine a zaure, an ɗora masa buhun waken suya. Kwana goma rabonsa da ganin tsakar gida, don ba mai iya ɗaga shi sai jikoki sun dawo daga gona, su ma sai su biyu. Na gaishe shi, na yi masa ya jiki, sannan na buɗe baki na yi ta zuba. Na yi maganar haƙuri, na yi maganar yarda da ƙaddara, na ce kada ya hana ɗansa samun lada. Yana saurare, bai katse ni ba.

Da na yi shiru sai ya ce: "Liman, ka gama?"

Na ce: "Na gama, Baba."

Ya ce: "To bari in tambaye ka. In na je can, Alhaji ya fita kasuwa tun safe, wa zai kama ni in kewaya? Matar ɗana? Ni da ko abinci ban taɓa ci a gabanta ba? Wannan baiwar Allah da kake gani, tun ana kashe fam da sule aka kawo mani ita. Yau ita ce ƙafata, ni ne idonta. In kun raba mu, kun samu gurgu a Kaduna da makauniya a Funtuwa. In kun bar mu, ai mutum guda ne a gidan nan."

Na rasa ta cewa. Can sai Inna ta sa baki daga bakin ƙofa: "Liman, ni a gidan nan ko da tsakar dare ba na neman fitila. Na san taki nawa ne daga nan zuwa randa, na san inda turmi yake. A gidan wani ko buta sai an miƙo mani. Mu abin da ya gagare mu biyu ne kacal, dokin ƙofar nan da masai."

Na dubi dokin ƙofar da na tsallaka ɗazu ban ma lura da shi ba. Bai fi taƙi ɗaya da 'yan yatsu ba. Abin da zai raba auren da aka ɗaura tun 1971 ke nan, kuma ni aka aiko in sa wa rabuwar albarka. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mu huɗu, ni da 'ya'yansa uku, mun yanke hukunci a kan ɗaki ba wanda ya tambayi mai ɗakin.

Daren nan na koma littattafan tafsiri. Abin da na sani tun ina ɗalibi amma na manta a lokacin da ake buƙatarsa shi ne, malamai sun fassara wancan "wurinka" da kasancewa ƙarƙashin kulawarka da ɗaukar nauyinka. Ba maganar adireshi ake yi ba. Mahaifinka yana iya zama a ƙarƙashin rufinka alhali ba ya wurinka, in an ajiye shi a ɗakin baya kamar tsohuwar katifa. Yana iya zama a Kafur kana Kaduna alhali yana wurinka, in ci da shansa da maganinsa da suturarsa duk suna wuyanka. Sannan ayar da ke biye da ita ɗa ta umurta da ya sauke kansa ƙasa saboda jinƙai. Ɗa ne zai lanƙwasa. Mu kuwa mun juya abin, muna so tsoho ya lanƙwasa ya shiga tsarin rayuwarmu, mu kira wannan biyayya.

Ga tambayar da nake so kowa ya yi wa kansa: idan na ce zan ɗauko mahaifina don ya huta, shi ne zai huta ko ni? Ban ce son sauƙi laifi ba ne. Zirga-zirga tsakanin Kaduna da Kafur duk mako akwai wahala, ga tsadar mai, ga halin hanya. Amma mu kira abu da sunansa. In sauƙina nake nema, in faɗi haka, in nemi yardarsu, kada in lulluɓe shi da aya.

Akwai abubuwa uku daga rayuwar sahabbai da suka tsaya mini a rai.

Na farko, ranar buɗe Makka, shekara ta 8 bayan Hijira. Sayyidina Abubakar (RA) ya jawo hannun mahaifinsa Abu Ƙuhafa, tsoho tukuf wanda ya makance, ya kawo shi gaban Manzon Allah (SAW). Sai Annabi ya nuna masa cewa da ya bar dattijon a gidansa, shi da kansa zai je ya same shi. Wannan fa shugaban da ya shigo gari da runduna a ranar. Ban kawo shi a matsayin dalilin haramci ba, ladabi ne nake nuna mana: mai ƙarfi ke tafiya wurin mai rauni.

Na biyu, Itbanu ɗan Malik (RA), yana cikin Bukhari da Muslim. Limamin mutanensa ne, ganinsa ya yi rauni, kuma in an yi ruwa kwari yakan cika tsakaninsa da masallacinsu, kamar yadda rafukanmu ke raba ƙauye da ƙauye a watan Agusta. Ya roƙi Annabi (SAW) ya zo gidansa ya yi salla a wani wuri don ya riƙe shi wurin sallarsa. Ba a ce masa ya tashi ya koma kusa da masallaci ba. Annabi ya je tare da Abubakar da hantsi, kuma kafin ya zauna sai da ya tambayi mai gidan inda yake so a yi sallar. Mai gida ya nuna, aka yi raka'a biyu a nan. Ku lura da wannan tambayar, ita ce wadda ni ban yi ba.

Na uku, masu tarihin sahabbai sun kawo cewa Harisa ɗan Nu'uman (RA) da ya makance, sai ya ɗaura igiya daga wurin sallarsa zuwa ƙofar ɗakinsa, ya ajiye kwando da dabino kusa da shi. In miskini ya yi sallama, sai ya ɗebi dabino ya bi igiyar har ya miƙa masa da hannunsa. Iyalansa suka ce su za su riƙa yi masa, ya ƙi. Ka ga, abin da yake karewa ba dabino ba ne, matsayinsa ne na mai bayarwa.

Wannan ne mu matasa ba mu cika ganewa ba. Gida a wurin tsoho ba bango da kwano ba ne kawai. A nan ne ake masa sallama a jira izininsa. A nan maƙwabci ke zuwa tambayarsa ko lokacin zuba taki ya yi, a nan ake kawo masa ƙarar jikoki, a nan yake cewa a ɗebi kwano biyu na dawa a kai gidan wane. Ka ɗauke shi ka kai shi birni, ka ba shi ɗaki mai tayil da fanka, ya zama baƙo mai jiran a kawo. Wasu tsofaffin suna sabawa, har su ji daɗi. Wasu kuwa sai ka ga sun daina magana, sun daina ci, a ce ciwo ne ya yi tsanani.

Sai maganar sutura, wadda ita ce ta fi ba ni kunya da na tsallake ta. A shari'a ba wanda ya halatta ya ga tsiraicin Baba ba tare da lalura ba sai Inna. Lalura tana halatta wa ɗa namiji ko ma'aikacin jinya gwargwadon buƙata, wannan sananne ne. Amma me zai sa mu ƙirƙiro lalurar da hannunmu, mu ɗauke wadda Allah Ya halatta masa mu kai ta wani gari? Kuma kowa ya san kunyar da ke tsakanin suruki da matar ɗa a ƙasar Hausa. Tsoho zai gwammace ya ƙi shan ruwa yini guda don kada fitsari ya kama shi, da ya kira ta. Daga nan sai wata cutar ta shigo.

Washegari na kira Alhaji na ce masa na yi kuskure, na janye maganata. Muka koma gidan tare da magini da mai walda, muka kuma yi waya da ma'aikacin gashin ƙashin da ya duba Baba. Zan faɗi abin da aka yi dalla-dalla, don na san akwai masu irin wannan hali.

Ƙofar ɗaki. Dokin ƙofa ba don ado magabata suka yi shi ba, ruwan sama yake tarewa, kuma mu a nan yankin Funtuwa da Malumfashi Allah Ya ba mu damina mai ƙarfi. Saboda haka ba fasa shi kawai za a yi a tafi ba. Daɓen ɗakin ya fi tsakar gida tudu da santimita 20. Magini ya sare dokin ya daidaita shi da daɓen, ya zuba gangare na siminti daga ƙofar zuwa tsakar gida, aka ƙara 'yar rumfar kwano a sama, aka buɗe rariyar da ta toshe don ruwa ya samu hanya. Ƙa'idar gangare da masana gini suke bi ita ce, duk tudun santimita 1 a ba shi tsawon santimita 12. Wato tudun 20 yana son mita 2 da santimita 40. In aka gajarta shi, ya zama tarko, keke zai kwaso mai turawa da wanda ake turawa. Kuma a bar fuskar simintin da kaushi, kada a goge ta ta yi santsi. Ƙofar kanta an faɗaɗa ta zuwa santimita 90, don tsohuwar ba ta wuce keke. Haka aka yi wa ƙofar zaure.

Makewayi. Tsohon masai yana can ƙarshen gida bayan turken awaki, na tsuguno ne, kuma mai shanyewar ɓarin jiki ba ya iya tsuguno. Aka gina ƙaramin makewayi jikin ɗakin, aka sa mazauni mai tudun kujera, wajen santimita 45, mai walda ya kafa bututun ƙarfe a bango. Nan ma'aikacin gashin ya gyara mana wani abu. Mu mun so sa ƙarfen a gefe ɗaya, ya ce a'a, hannun hagu kaɗai ke aiki, bangon da yake hagunsa in zai shiga shi ne damansa in zai fito, don haka a sa a duka gefen. Aka ajiye kujerar roba mai ƙarfi ta wanka da alwala.

Wurin kwana. Katifar ƙasa ta fi komai wahalar tashi. Kafinta ya haɗa gado mai tudun gwiwarsa, yadda in ya zauna tafin ƙafarsa zai taɓa ƙasa. Aka kwashe tsohuwar ledar ɗaki da ta yayyage da tabarmin da ke naɗe baki, don su ke harɗe ƙafa. Aka sa fitilar sola ɗaya a ɗaki, ɗaya a hanyar makewayi. Ita kuma Inna, aka ja mata igiya daga ƙofar ɗaki zuwa madafi, aka kafa wa yara doka: kada wanda ya gusar da randa ko turmi ko kujera daga inda ta san su. Murhu aka ɗaga shi, don kada ta riƙa sunkuyawa kan wuta da ido ɗaya.

Duka aikin kwana tara ya ci. Alhaji da bakinsa ya ce abin da ya kashe bai kai rabin kuɗin lefen da ya haɗa wa ɗansa ba. Kada kuma wani ya ɗauka ƙyale-ƙyale ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a rahotonta na 2007 cewa kashi 28 zuwa 35 cikin 100 na masu shekara 65 zuwa sama suna faɗuwa a kowace shekara. Tsoho kuwa in ya faɗi ƙugu ya karye, sai dai a nufi asibitin ƙashi na Dala a Kano, kuma da yawa daga wannan kwanciyar ba sa sake tashi. Buhun siminti huɗu ya fi wannan arha ta kowace fuska.

Yanzu bari in zo kan abin da za a ce, don an faɗa mini su a fuskata.

Wani cikin 'ya'yan ya ce: "Malam, gidan nan fa na gado ne. In na zuba kuɗina, gobe a raba da waɗanda ba su sa ko sisi ba." Na ce masa, da farko dai ba gidan gado ba ne, gidan Baba ne, yana raye yana jin ka. Babu gado sai bayan mutuwa, kuma ba wanda ya ba ka takardar cewa shi zai riga ka. Na biyu, a mazhabar Malikiyya da muke karantawa a zaurukanmu, ciyar da iyaye mabuƙata wajibi ne a kan ɗa mai hali, namiji ko mace. Mukhtasar na Shehu Khalil ya haɗa har da nauyin mai yi musu hidima. An yi saɓani kan yadda za a raba nauyin tsakanin 'ya'ya, ko kai da kai, ko gwargwadon rabon gado, ko gwargwadon wadata, kuma na ƙarshen nan ne malamai da dama suka rinjayar. To in mai hidima yana wuyanka, yaya ƙarfen da zai sa mahaifinka ya rage buƙatar mai hidima? In kuma ana tsoron rigima, a zauna a rubuta abin da kowa ya bayar, da shaidu, a faɗi ko kyauta ce ko bashi. Rubutu ba rashin yarda ba ne.

Wata ta ce: "To Inna fa? Tsohuwa mai ido ɗaya ita za a bar wa jinya?" Wannan magana gaskiya ce, kuma ita ta fi ƙarfi. Sau da yawa in muka ce a bar tsofaffi a gidansu, abin da ke faruwa shi ne a bar wa tsohuwa aikin mutum uku, ta ƙare kafin majinyacin. Wannan zalunci ne ko da an yi shi da sunan soyayya. Shi ya sa gyaran gini rabin aiki ne. Aka sa wani jika saurayi yana kwana a shagon zaure, ana biyansa duk wata, ba a ce ya yi don Allah kawai ba. Ɗebo ruwa da wanki aka ɗauke mata. 'Ya'yan suka raba makonni, kowa da lokacin zuwansa. Maganin hawan jini aka ɗora wa mutum guda alhakinsa, don kada ya yanke a ce an ɗauka wane ya saya. Sannan aka kai Inna Kano aka yi mata aikin yana, wanda aiki ne na ɗan lokaci da mutane da yawa ke zaune cikin duhu saboda tsoronsa.

Na uku, maganar tsaro da nisan asibiti. Ba wanda ke zaune a kudancin Katsina da zai ce wannan ba dalili ba ne. Akwai ƙauyukan da zama a cikinsu ga wanda ba ya iya gudu jefa rai ne cikin halaka. Akwai ciwon da ke son likita kusa kullum. Akwai tsohon da rikicewar tsufa ta kama, yana fita da dare bai san hanyar dawowa ba. A irin wannan, kare rai yana gaba da son zama, kuma ɗan da ya ɗauke iyayensa bai yi laifi ba. Amma ko a nan ina da roƙo biyu. A yi shawara da su tun suna iya ba da amsa. Kuma in za a tashe su, a tashe su tare. In gidanka ba zai ɗauki biyu ba, ku haɗa kuɗi ku kama musu ɗaki kusa da kai. Raba su shi ne abu na ƙarshe, bayan kowace ƙofa ta rufe.

Ban gama da kaina ba. Ranar da aka fara turo Baba sallar Juma'a, keke ya zo ƙofar masallacin da nake limanci ya tsaya. Matakala uku. Samari huɗu suka ɗaga shi sama kamar buhu, jama'a na kallo, shi kuma ya sunkuyar da kai. Shekara nawa ina hawa matakalar nan ban taɓa ƙirga ta ba. Sai na fara tuna fuskokin dattawan da suka ɓace daga sahun gaba ɗaya bayan ɗaya, muna cewa tsufa ne ya zaunar da su. Wasunsu matakalarmu ce ta zaunar da su, da wurin alwalarmu mai santsi. Ƙasar nan tana da dokar hana nuna wariya ga masu naƙasa, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara hanyoyin shigarsu, wa'adin ya cika a Janairun 2024. Amma mu bai kamata mu jira doka ba. Ɗabari ya kawo a tarihinsa cewa Halifa Walid ɗan Abdulmalik, wanda ya yi mulki daga 86 zuwa 96 bayan Hijira, ya ba kowane gurgu mai hidima, kowane makaho ɗan jagora. Mun yi gangare a ƙofar kudu, mun sa benci a wurin alwala da kujeru a ƙarshen sahu. 'Yan uwana limamai da 'yan kwamitin masallatai, ku je ku ƙirga naku.

Ku kuma da Allah Ya hore wa kuke gini yanzu, ina ganin yayin da ake yi: matakala biyar a ƙofar falo, tayil mai sheƙi har makewayi, ƙofar ban ɗaki da sai an karkata ake shiga. Kana gina wa ɗan shekara 35 ne, alhali wanda zai daɗe a gidan, in Allah Ya ba da rai, ɗan shekara 75 ne, kuma kai ne shi. Faɗaɗa ƙofa tun ana aza bulo ba ya cin komai.

Yau Baba ƙafarsa ba ta dawo ba, da hagu yake cin abinci, a zaune yake salla, kuma shari'a ta yarda masa da duka biyun. Amma da hantsi za ka same shi a zaure, yana amsa gaisuwa, yana faɗa da jikoki kan sun bar ciyawa ta ci barkono. Inna tana jiyo muryarsa daga madafi. Sun yi yarjejeniya da 'ya'yansu cewa in hali ya canza za su tashi, amma tare.

Abin da nake roƙon wanda ya karanta: wannan makon ka je gidan iyayenka, ko kakanninka, ko tsohon da ke maƙwabtaka da kai. Bayan Isha'i ka bi hanyar da suke bi daga shimfiɗa zuwa makewayi, a hankali, kana duban ƙasa. Sannan ka zauna ka tambaye su me ya fi ba su wahala a gidan, ka yi shiru har su gama. Kada ka yi irin tawa.

Allah Ya jiƙan iyayenmu da suka riga mu, Ya ba marasa lafiya lafiya, Ya ba masu jinya haƙuri da lada. Waɗanda nasu ke raye, Allah Ya ba su ikon kyautata musu yadda su iyayen za su ji a jikinsu. Ya yafe mini gaggawar da na yi. Wallahu a'alam.